Bin Sawun Jita Daga Ikara Zuwa Kudan

Ana idar da sallar asuba ranar Laraba muka tashi daga Ikara, ni da ɗan kawuna, kowa bisa kekensa. A bayan nawa na ɗaure wani dogon akwatin kwali da tsohuwar robar taya, ya zarce ta dama ya zarce ta hagu, duk wanda muka gifta sai ya waiwayo. Wani dattijo da ke fitowa daga masallaci har ya tsayar da mu ya tambaya ko bindiga ce, in kuwa ita ce, muna da lasin? Tun da na dawo abokan aiki ke tare ni da tambayar inda na shiga kwana biyu, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya kowa ya huta.

Abin da ke cikin akwatin jita ce, wato garayar Turawa mai tsirkiya shida. Tun ina kwalejin horon malamai na ga wani ɗan ajinmu ɗan Kudu yana kaɗa ta, na sa wa raina sai na mallaki tawa. Da aka ba mu mulkin kai kuma rediyon hedimasta ba ta da aiki sai kiɗan jita safe da yamma, abin ya ƙara shiga raina. Shekara guda cur ina tsimi daga ɗan albashin malamin firamare. Na daina shan shayi, na haƙura da sabon takalmi, har na haɗa fam bakwai da sule goma, na aika wa wani kamfani a Zariya ta hannun mai kantin da ke karɓar musu saƙo a garinmu.

Ranar da ta iso na yi abin da har yanzu in na tuna nake jin kunya, wato na gayyaci maƙwabta. Aka shimfiɗa tabarmi a zaure, na yi bismilla na kwance igiya. Fuskar katakon ta tsage tun daga ramin tsakiya har gindi. Fentin ya yi bororo kamar fatar da tafasasshen ruwa ya zuba wa, wuyan ya karkace, tsirkiya huɗu sun tsinke sun nannaɗe, biyu kaɗai suka rage. Maƙwabta suka leƙo suna kallo. Can wani maƙwabcina ya ce cikin tausayi, "Malam, ko dai haka ake yin ta?" Hawaye suka cika mini ido.

A bayan rasit an rubuta da Turanci cewa in kaya ya lalace a hanya, mai shi ya kai shi kantin kamfani na Kudan cikin kwana goma sha huɗu, tare da wanda ya ɗauko kayan, a mayar masa da kuɗinsa. Kwana goma sha biyu na ɓata wajen baƙin ciki da neman izinin hedimasta, saura biyu. Mai kantin garinmu ya rantse yadda aka miƙa masa haka ya miƙa mini. Ya ce motar kamfani a Kudan take sauke kaya, daga nan wani mai jakai ɗan Makarfi, Baba Tanko, shi ke rarraba su kasuwa-kasuwa. Ya kuma nuna mini abu biyu da ni mai ilimin boko ban lura da su ba. Ƙullin da ya rage a igiyar ba na kamfani ba ne, na masu jakai ne, wato an buɗe akwatin a hanya, sannan kiyashi sun yi layi a gefen kwalin. Ɗan kawun nan nawa, abokin wasana da tun muna yara ba ya barin magana ta faɗi ƙasa, ya dangwala yatsa ya lasa, ya ce, "Jitarka dai ta sha zaƙi kafin ta mutu."

Saboda haka da fushi na bar gida. Tun daga ƙofar gari nake shirya jawabin da zan yi wa wannan Baba Tanko, har da kalmomin Turanci biyu-uku don ya san ba ƙaramin mutum ya taɓa ba. Amma hanya ta ƙi ba ni haɗin kai. Rana na fitowa muna wajen Kurmin Kogi, sai na ga kaina cikin dawa wadda ta fi mutum bisa keke tsawo, zangarniya duk ta sunkuya don nauyi, dama da hagu har iyakar gani. In dawa ta ƙare sai tarin gyaɗa da aka kife ana jiran bugu, in gyaɗa ta ƙare sai barkono da aka shanya a kan fako, ja wur, har idona ya riƙa yaji tun daga nesa. A ƙasar nan aka haife ni, amma daga gida sai aji, ashe ban san ta ba. Sau biyu ina mance inda na tsaya a jawabin nawa, in sake komawa farko.

Wani rafi da muka iske bai gama janyewa ba tun ruwan ƙarshe, dole muka naɗe wando muka saɓa kekuna. Ni sai da na fara haye da akwatin a ka, ina taka ƙasa a hankali kada ya jiƙe, ɗan kawuna yana daga gaɓa yana dariya, wai bai taɓa ganin ana yi wa gawa lema ba. A ƙetare muka tarar da wata Bafulatana a gindin tsamiya da ƙwaryarta. Ta dama mana fura da nono na kwabo biyu-biyu, nonon nan mai kauri, ludayi na tsayawa a ciki. Na yi mata ƙorafi cewa bara kwabo ɗaya ne, yanzu da muka sami mulkin kai ai sauƙi ya kamata a gani. Ta dube ni ta ce, "Malam, ku kuka samu. Shanu ba wanda ya faɗa musu." Na biya muka wuce.

Wajen hantsi muka fito babbar hanyar mota, muka tsaya a gefe don ba mu da zaɓi. Manyan motocin gyaɗa ne ke wucewa ɗaya bayan ɗaya, buhuna sun yi tsiri, fasinja sun zauna a can ƙololuwa suna riƙe da hulunansu, kusan kowace mota da ƴar tutar nan kore da fari a goshi. Ƙasa tana rawa a ƙarƙashin ƙafata. Na tsaya baki buɗe ina tunanin duk wannan daga gonaki irin waɗanda muka ratso ya fito, kuma wai har bakin teku za a kai shi, inda ni ban taɓa gani ba sai a taswirar da nake nuna wa yara da sanda.

Tun kafin mu ga Makarfi muka fara ganin rake. Na sha jin labarin raken Makarfi, amma gani ya kori ji. Fadama ce guda, kore shar, iska na kaɗa ta tana wani irin shuuu, mutane na shiga ciki su ɓace sai dai ka ji saran adda. Ranar kuma ta faɗo kasuwa, ga dammunan rake an jingina kamar za a yi katanga da su. Kara guda mai kauri ɗari, wato rabin kwabo, wanda a Ikara sai ka ba da kwabo ana yi maka yanga. Muka sayi biyu muna sha muna tambayar inda za mu ga Baba Tanko mai jakai.

A nan fushina ya fara samun cikas na gaske. Duk wanda na tambaya sai fuskarsa ta saki. Mai gishiri ya ce shekara ashirin mutumin nan ke kawo masa kaya, ko ƙwaya ba ta taɓa yin ciwon kai ba. Wata mai ƙosai ta ce shi ya kai kayan ɗakin ƴarta har Dandamisa cikin damina, ko tasa ɗaya ba ta lotsa ba. Da na ce ai ni ya lalata mini kaya, sai mai gishirin ya dube ni sama da ƙasa ya ce in dai bincika da kyau. Suka kwatanta mana bayan gari, wurin da ake matsar rake, wai a can yake ɗaure jakunansa don su ci ganyen da ake yarwa.

Ƙamshi ne ya kai mu, ba kwatance ba. Ban taɓa ganin yadda ake yin mazarƙwaila ba sai ranar, ni da nake shan ta tun ina rarrafe. Doki ne ɗaure da wani dogon itace yana zagaye, yana zagaye, itacen yana juya wasu ƙarafa masu nauyi, mutum ɗaya na cusa rake ta nan yana fita ta can a matse kamar tsumma, ruwan yana gangarawa cikin garwa. Daga nan sai manyan kasake na ƙarfe da aka jera bisa wani dogon murhu da aka haƙa a ƙasa, ana cusa masa busasshen ɓawon raken da aka matse. Ruwan yana tafasa yana kumfa, yana sauya launi daga kore zuwa ruwan zuma, mai dahuwa yana tsaye da doguwar muciya, ba agogo ba ma'auni, da ido kawai yake sanin lokacin saukewa. Wutar kuwa, taku biyar tsakanina da ita amma ina jin gashin hannuna yana ƙauri. Na daɗe a tsaye har na mance abin da ya kawo ni.

Ɗan kawuna ne ya taɓa ni ya nuna wani tsoho siriri mai farin gemu, zaune a inuwar mangwaro yana ɗinkin akumarin jaki, jakuna uku a gefensa. Muka durƙusa muka gaishe shi. Ya tambayi hanya, ya tambayi gida, ya tambayi mutanen Ikara ɗaya bayan ɗaya, har da mai kantin garinmu da ciwon ƙafarsa. Ina jiran gaisuwa ta ƙare in fara jawabi, sai idonsa ya faɗa kan akwatin da ke bayan kekena, fuskarsa ta washe.

"Af, ashe kai ne mai garayar Turawa! Malam, ta yi murya kuwa? Ai na sha wahalarta ranar nan."

Ya ci gaba da murnarsa. Ya ce ruwan ƙarshen nan ne ya kama shi a fili bayan ya baro Kudan, kwalin ya jiƙe sharkaf. Da ya iso nan ya ji tsoron kada kayan mutane ya ruɓe, ya kwance ya duba.

"Sai na ga abin kiɗa ne. Ni kuwa, ɗana, shekara goma sha biyar na yi ina yi wa maharba garaya kafin in ajiye. Garaya in ta sha sanyi fatarta saki take yi, maganinta wuta. Sai na jingina ta can bakin murhu, ina juya ta, ina juya ta, har ta yi gumi ruwan ya fita. Na ɗaure tsirkiyoyin tamau, na mayar da ita da ɗuminta don kada sanyi ya sake kama ta. Na ce mai wannan abu zai ji daɗi."

Na kwance akwatin na buɗe a gabansa. Ya daɗe yana kallo. Ya sa yatsa ya bi tsagar tun daga sama har ƙasa, ya ƙwanƙwasa fuskar da farce, sannan ya ce a hankali, "Inna lillahi. Ashe ba fata ba ce." Can ya ƙara da cewa, "Garin neman gira an rasa ido." Wallahi duk jawabin da na kwaso tun daga Ikara, da Hausarsa da Turancinsa, ban san inda ya shiga ba. Tausayinsa ya kama ni, amma ba zan ɓoye muku ba, tausayin kuɗina ma bai sake ni ba. Na karanta masa abin da ke bayan rasit, na ce gobe ne kwana na ƙarshe.

Ɗan kawuna, da yake shi kullum yana da dabara a aljihu, ya rage murya ya ce ai abin mai sauƙi ne, mu je mu ce a haka mota ta sauke ta, wa ya gani? Baba Tanko ya dube shi ba tare da fushi ba, ya ce, "Yaro, direban nan yana da iyali. Lafiya lau ya ba ni ita." Sannan ya juyo gare ni ya ce gobe da sassafe dama yana da kayan da zai kai Kudan, mu tafi tare. Ya sauke mu a zaurensa, aka kawo tuwon dawa da miyar ɗanyar kuɓewa, da curin mazarƙwaila mai ɗumi. A wajen cin tuwon na fahimci gonarsa ƴar ƙarama ce, kuma dakon kayan kamfanin nan shi ke riƙe da gidan.

Washegari muka kama hanyar Kudan muna tura kekuna, don ba a yi wa jaki gaggawa. Da hannunsa ya sauke akwatin daga kekena, ya naɗe shi da buhu, ya ɗora bisa jakin gaba, ya sa dutse a ɗaya gefen mangala don nauyi ya daidaita, duk da ya san abin da ke ciki ya riga ya mutu. A wuyan jakin akwai wata lamba ta tagulla. Ya ce ita ce shaidar kamfani, wanda ba shi da ita ko allura ba za a ba shi ya ɗauka daga kanti ba.

Tafiyar nan ta safiya ita ce abin da ya fi ba ni mamaki a duk yawon. Kowane ƙauye muka ratsa ta wajen Dandamisa, mutane na bakin hanya suna jiransa. Wannan ta miƙo ƙullin daddawa a kai wa ƴarta, wancan ya ba da sule uku a sayo masa kananzir da ashana, wani ya ce a faɗa wa ƙanensa an sa ranar suna. Ba takarda ba fensir. Ya karɓa ya ƙulle kowane kuɗi a kusurwa dabam ta rawaninsa da bakin rigarsa. Don in gwada shi, da muka yi nisa na ce, Baba, ka tuna kuwa? Ya jero mini su tun daga na farko har na ƙarshe, da sunan mai saƙo da sunan uban wanda za a kai wa. Ni da sai na duba rajista nake sanin wanda bai zo aji ba, sai na ji na ƙanƙance. Hanyar kuma duk fadamu ne, rake da dankali da albasa, mata na wanki a bakin rafi suna gaishe shi da suna.

Rana ta kusa tsaka muka shiga Kudan. Kantin kamfani dogon gini ne mai rufin kwano, da babban sikeli a ƙofa, lebura na ta sauke buhunan gyaɗa suna waƙa. Akawun wani saurayi ne ɗan kudancin Zariya, da gajeren wando da doguwar safa, mai ladabi ƙwarai. Ya fito ya rusuna wa Baba Tanko kafin ya dube ni. Ya karanta rasit, ya duba jitar, ya saurari labarin daga bakin tsohon tun daga ruwa har murhu. Na ga yana cije leɓe don kada ya yi dariya, amma da ya buɗe babban littafinsa dariyar ta gudu.

Ya ce layi biyu ne a littafin, dole ya cika ɗaya. In ya rubuta ruwan sama ne ya lalata kaya, wannan daga Allah ne, kamfani ba ya biya, ba kuma a kama kowa da laifi. In ya rubuta hannun mai dako ne, za a ba ni kuɗina yanzu-yanzu, amma dokarsu ita ce a karɓe lambar mai dakon, ba shi ba ɗaukar kayansu kuma. Ya ce tun da ruwa ya taɓa kayan da gaske, in mai kaya ya yarda, shi zai iya rubuta ruwa. Ya ɗaga alƙalami ya dube ni ya ce, "Malam, wanne zan rubuta?"

To, jama'a, ga inda nake so ku ji da kyau, don ban faɗa wa kowa wannan da baki ba. Shiru na yi. Na san abin da ya kamata in ce, yana nan a kan harshena, amma sai shekarar nan guda ta faɗo mini a rai, da shayin da ban sha ba, da takalmin da ke ƙafata mai huji. Na sunkuyar da kai ina kallon sikeli. Ban san tsawon shirun ba, na dai ji muryar tsohon a bayana.

"Akawu, ruwa ya jiƙa, ni na gasa. Rubuta hannuna."

"Baba, ka yi tunani. Tun kafin in zo kantin nan kake dako."

"Shi ya sa. Rubuta, ɗana, kada ka tsayar da Malam, yana da nisa."

Akawu ya rubuta. Baba Tanko ya dangwala babban yatsa a tawada ya danna. Ya fita waje ya kwance lambar daga wuyan jaki da kansa, ya goge ta da bakin riga, ya ajiye bisa tebur. Da akawu ya miƙa hannu zai ɗauki jitar, don doka ce kayan da aka biya ya koma wa kamfani, sai tsohon ya ce a ɗan ara masa ita.

Ya zauna a dandamalin ƙofar kanti ya tanƙwashe ƙafa. Ya tsinci wani guntun kara a ƙasa, ya fere shi da wuƙa, ya cusa ƙarƙashin tsirkiya biyun da suka rage har suka ɗago. Ya murɗa nan, ya saki can, yana kara kunne. Garaya dama tsirkiya biyu gare ta. Sai ya fara.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Katakon nan tsagagge, da na ɗauka ko itacen wuta bai isa ba, ya riƙa fitar da wata murya mai kauri da ɗan kurma-kurma saboda tsagar, kiɗan maharba tsantsa, irin wanda rabona da ji tun ina ƙarami. Leburan suka daina waƙa, wani ya tsaya da buhu a ka ya mance bai sauke ba. Masu tallan da ke wucewa suka taru. Wani tsoho mai tabo a kumatu ya fito daga cikin taron jikinsa na tsuma, yana taka ƙasa da ƙarfi, har sai da mutum biyu suka riƙe shi. Baba Tanko idonsa a rufe, yatsun nan masu kaushi da igiyar jakai ta cinye suna gudu kamar ba nasa ba. Tsigar jikina ta tashi. Shekara nawa ina mafarkin jin muryar jitata, na ji ta sau ɗaya, a hannun wanda ya kashe ta, kuma na tabbata ko da lafiyarta ta iso, ko shekara goma na yi ina koyo ba zan fitar da rabin wannan ba.

Da ya gama ya zare karan ya yar, ya miƙa wa akawu jitar da hannu biyu. Akawu ya yi mata alama da alli ya kai ta cikin sito. Aka ba ni kuɗina cif. A waje na zaro fam guda na miƙa wa tsohon. Ya mayar mini da hannuna ya ce, "Haƙƙinka ne, Malam. Ka sayi wata. Amma ka ce su rubuta a jikin kwalin da Hausa kada a kai ta kusa da wuta." Ya yi dariya, ya kora jakunansa ya nufi kasuwa, don har yanzu da saƙonnin mutane a rawaninsa.

Muka sami wata motar gyaɗa ta rage mana hanya zuwa babban titi, sule ɗaya mutum da kekensa, daga nan muka taka. Dawar tana nan yadda muka bar ta, barkonon yana nan, amma ɗan kawuna da ba ya rufe baki ko sau ɗaya bai tsokane ni ba har muka shiga Ikara ana kiran magariba. Na fi son da ya zage ni.

An ce tafiya mabuɗin ilimi, to ni abin da ta buɗe mini ba duka ne mai daɗi ba. Na ga ƙasarmu tana da girma da albarka fiye da yadda nake koya wa yara. Na ga mutumin da bai san bihim ba yana riƙe da amanar ƙauyuka a ka, na kuma ga ya ajiye abincin gidansa bisa tebur don kada a rubuta abin da ba haka ya faru ba. Sannan na ga kaina, malamin makaranta mai koyar da tarbiyya ranar Litinin da safe, an tambaye ni tambaya ɗaya na kasa amsawa. Na rubuta wa kamfani wasiƙa ina roƙon a mayar masa da lambarsa, har yau ba amsa.

Ran kasuwar Ikara da ta zagayo na fita da gangan na tsaya a bakin kanti. Wajen hantsi kayan kamfani suka iso, gishiri da kananzir da atamfa, a kan jakuna huɗu na wani mutum da ban sani ba, lambar tagulla tana lilo a wuyan na gaba. Mai kanti ya hango ni ya ce akwai sauran jita a Zariya, in aika a kawo mini wata? Kuɗin suna aljihuna a lokacin. Na ce masa ba yanzu ba.